Baƙar ƙasa da ƙaramar gona: Kwana biyu a ƙauyukan Maharashtara

Ciwon gwiwar Hajiya ne ya kai mu Indiya, ni da ƙanina, a farkon watan Janairu. Daga Legas muka tashi, muka sauka Mumbai, babban birnin jihar Maharashtara, sannan mota ta ɗauke mu zuwa birnin Pune inda asibitin yake. Ba zan cika ku da labarin aikin ba. An yi, an dace, alhamdu lillahi. Sai dai likita ya ce mu zauna makonni ana motsa ƙafar ana koya mata taka ta. A wannan zaman jiran ne na ga abin da nake son ba ku labari, kuma a gona na gan shi, ba a ɗakin jinya ba.

Tun a hanya ƙasar ta fara ba ni mamaki. Tsakanin Mumbai da Pune kilomita 150 ne ko kusa da haka, amma sai ka hau wasu duwatsu masu suna Sahyadri, waɗanda suka miƙe kamar katanga a gefen teku. Kafin ka hau su, iska da danshi, ƙasa ja kamar marmara, ga shinkafa, ga kwakwa, ga mangwaro. Kana gangarawa ɗaya ɓangaren sai ka ga kamar an sauke ka a hanyar Potiskum: ciyawa ta bushe, bishiyoyi jefi-jefi, ƙura. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hadarin damina daga teku yake tasowa a watan Yuni, ya yi karo da duwatsun, ya juye yawancin ruwansa a kansu, abin da ya rage ne ke tsallakawa. Garin Lonavala da ke kan dutsen yana samun ruwa sama da milimita 4,000 a shekara, ya zarce na Kalaba. Pune kuwa, da ba ta fi tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga nan ba, wajen milimita 700 take samu. Wasu yankunan gabas da ita ma ba su kai haka ba. Kuma kusan duk ruwan a wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba, kamar dai namu na Arewa.

Akwai wata yarinya mai koyon aikin jinya da take taimaka wa Hajiya wajen tashi da zama. Ba ta wuce shekara ashirin ba. "Aji" take ce wa Hajiya, wato kaka, ni kuma "Tai", wato yaya. Hajiya da ba ta iya ganin yaro ba ta tambayi asalinsa ba, ta sa ni in tambaye ta ina iyayenta. Ta ce garinsu yana gundumar Beed, a yankin Maratwada, amma iyayen ba sa gida, sun tafi saran rake, sai watan Maris ko Afrilu. Hajiya ta ce, "To ba su da gona ne?" Yarinyar ta yi murmushi ta ce, "Muna da ita, Aji. Eka biyu." Yadda ta faɗi eka biyun nan ne ya tsaya mini a rai. Da ta samu hutun kwana biyu za ta je duba kakanninta, sai na ce ta tafi da ni. Ƙanina ya zauna da Hajiya.

Tafiyar ta ci kusan awa shida. Indiyancin da na tsinta a finafinai bai yi mini wata rana ba, don mutanen nan Marati suke yi, sai dai yarinyar ta zama bakina da kunnena.

Abin da ya fara cika mini ido shi ne ƙasar. Baƙa ce wuluk, kamar an barbaɗa gawayi, kuma duk inda ba shuka ta dare, tsaga-tsaga, wata tsagar hannu zai shige har gwiwar hannu. Wanda ya san firƙin Barno, wajen Dikwa da Ngala, ya san irinta. Masana sun ce daga narkakken dutsen aman wuta ta samo asali, wanda ya malale wannan yanki shekaru miliyan 66 da suka wuce, ya daskare, ya yi ta rududdugewa. Idan ta sha ruwa sai ta kumbura ta yi danƙo, ba saniya ba, ko tarakta sai ta kafe. Idan ta bushe sai ta yi tauri ta tsage, ƙasar sama ta riƙa zubawa cikin tsagar, har ake cewa ita ke huɗar kanta. Kakan yarinyar, tsoho mai farar hula da ba ya rabuwa da sanda, ya ɗebo ta a tafin hannu ya ce da ni sunanta a wurinsu "kali ai", baƙar uwa.

Babbar baiwarta ita ce riƙe ruwa. Saboda haka ne nake tsaye a tsakiyar Janairu, wata uku ko fiye rabon da a ga ɗigon ruwan sama, amma dawa ta fitar da kai kore shar. A ƙarshen damina suke shuka ta, wajen Satumba zuwa Oktoba, ta rayu da danshin da ƙasa ta ɓoye da raɓar sanyi. Na ce musu mu ma muna da irin wannan, masakwa, sai dai tamu dasawa ake yi, tasu kuwa iri ake zubawa. Tsohon ya yi ta jinjina kai, wai ashe akwai wasu masu hankali a duniya. Irin da suka fi ji da shi sunansa Maldandi, fara ce mai manyan ƙwayoyi, kuma tun shekarun 1930 ake noma ta.

Amma ba ko'ina ƙasar ke da wannan albarka ba, kuma a nan labarin gidansu ya fara. Tsohon ya ja ni muka hau tudu, tafiyar da ba ta fi minti goma ba. A can sama baƙar ƙasar ba ta fi taki ɗaya ba, ƙarƙashinta tsakuwa ce da ruɓaɓɓen dutse da suke kira murum. Wannan ita ce "mara nauyi" a bakinsu, ta kwari kuma "mai nauyi". A mara nauyi, idan ruwa ya ɗauke mako biyu zuwa uku a tsakiyar damina, shuka ta fara sunkuyar da kai ke nan, kuma babu zancen dawar rani. A mai nauyi kuwa, idan ruwan ya yi yawa sai ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Ya ce gona ɗaya tana tsoron fari, ɗaya tana tsoron ambaliya, shi kuma yana tsoron duka biyun.

Mahaifinsa eka ashirin da huɗu ya bari, a haɗe, daga kwari har tudu. Su uku ne maza, kowa ya samu takwas. Shi kuma 'ya'yansa maza huɗu, kowa biyu. Kuma da yake ba wanda zai yarda a tura shi tudu ɗan'uwansa ya kwashe kwari, sai aka yanka kowace gona gida huɗu, ta yadda eka biyun mahaifin yarinyar ba a wuri ɗaya take ba: ɗan siririn yanki a ƙasa mai kyau, sauran a kan tsakuwa. Kunyoyin iyaka kaɗai sun ci wani abu. Rijiya ɗaya ce ta gado, gida huɗu ke rabon kwanakinta, kuma na fahimci akwai 'yan'uwa biyu da ba sa ga-maciji saboda ita.

Kada mai karatu ya ɗauka gidan nan ne kawai. Ƙidayar gonaki da gwamnatin Indiya ke yi ta nuna cewa a 1970 zuwa 1971 matsakaiciyar gona a Maharashtara hekta 4.28 ce, wato sama da eka goma. A ƙidayar 2015 zuwa 2016 ta dawo hekta 1.34, eka uku da ɗan ɗoriya. Masu gonakin sun tashi daga kusan miliyan 5 zuwa sama da miliyan 15, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Kusan huɗu cikin kowane manoma biyar na jihar gonarsu ba ta kai hekta 2 ba. Tun 1947 akwai dokar hana daddatsa gonaki a wannan yanki, amma doka ba ta hana haihuwa, ba ta kuma hana gado. Sannan gonakin da ban-ruwa ke kaiwa gare su ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Sauran duk sama suke kallo.

Na tambayi tsohon me ya sa ba za su noma abin da za su ci kawai ba. Ya ce da can haka ake yi: dawa, gero, wake iri-iri, gyaɗa, riɗi, duk a gona ɗaya. Yanzu kuɗin makaranta da na asibiti da na aurar da 'ya ba a biyan su da dawa, shi ya sa damina ta koma ta auduga da waken suya. Iri saye, taki saye, maganin feshi saye, yawanci da bashi. Idan ruwa ya zo daidai a biya a samu ɗan canji. Idan ya saɓa, bashin bana ya hau kan na bara. Sai a ce bari a haƙa rijiyar burtsatse. To dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar nan ba ya ajiye ruwa sai a 'yan tsage-tsage, haƙa a cikinsa kamar caca ce. Ya nuna mini ramuka biyu da ɗansa ya haƙa, an toshe bakinsu da dutse, ƙura kawai suka fitar. A 2016, bayan damina biyu a jere sun gaza, sai da aka riƙa kai wa birnin Latur na wannan yanki ruwan sha a jirgin ƙasa daga nisan sama da kilomita 300.

Akwai gidan da muka wuce yarinyar ta rage murya. Maigidan ya sha maganin feshi shekaru kaɗan da suka wuce, ya bar mata da yara uku da bashi. Alƙaluman hukuma na 2022 sun nuna manoma da 'yan ƙodagon gona 11,290 ne suka kashe kansu a Indiya a shekarar, 4,248 daga cikinsu a wannan jiha kaɗai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ya ƙara wa matar nauyi shi ne takarda. Kowace gona a jihar tana da takardar shaida da suke kira satbara, kuma wanda sunansa ba ya kanta banki ba ya saninsa, inshorar amfanin gona ma haka. Dokar gadon mabiya addinin Hindu, tun gyaran da aka yi mata a 2005, ta ba 'ya mace kaso daidai da na namiji, amma yarinyar ta ce mini a ƙauyensu wadda ta nemi nata ta rasa gidan zuwa ranar biki. Yawanci sa hannu suke yi su bar wa 'yan'uwa maza. Wannan kam ban ji shi baƙo ba. Mu da Alƙur'ani ya yanka wa mace rabonta ƙarara, sau nawa ake cewa a bar gona a hannun maza "don kada ta fita gida"?

Da yamma kakar yarinyar ta yi mana abinci, kuma a nan na ɗan saki jiki. Ta kwaɓa garin dawa da ruwan ɗumi, ta riƙa marin sa da tafin hannu har ya yi faɗi kamar faifai, ta gasa a kasko. Bakri sunansa. Aka haɗa da miyar garin wake mai kauri da dakakken barkono da tafarnuwa da gyaɗa, sai ɗanyar albasa da aka fasa da dunƙulen hannu. Kafin nan ƙanen mahaifin yarinyar, wanda take kira "Kaka" (sai da na yi dariya, don a wurinsu baffa ke nan), ya karyo kan dawa ɗanye ya turbuɗa a garwashin kashin shanu, ya murje a tafi ya miƙo mini. Suna ce masa hurda. Tumu ne sak, sai dai na dawa. Wai har daga birane mutane ke biyan kuɗi su zo ci a wannan lokaci.

Tsohuwar ta ce jikokinta sun fi son alkama da shinkafa, don su gwamnati ke rabawa, kilo biyar ga kowane mutum a wata, yanzu ma kyauta. Dawa kuwa ta yi tsada ta koma abincin masu ciwon suga na birni, waɗanda likita ya ce su rage farar shinkafa. Ba na raina wannan rabo, ya hana yunwa kwana a gidaje da yawa. Amma cika ciki daban, gina jiki daban. Binciken lafiyar iyali na ƙasar na 2019 zuwa 2021 ya gano fiye da rabin matan jihar masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma yaro ɗaya cikin uku 'yan ƙasa da shekara biyar ya tsumbure. A jihar da Mumbai take ke nan, cibiyar kuɗin Indiya.

Da dare na lura da shirun garin. Ƙofofi da yawa da kwaɗo. Tsofaffi ne da 'yan yara, sai karnuka.

Washegari muka bi ta kudu don mu ga inda mutanen suka tafi. Wajen madatsar ruwa ta Ujani, a kan kogin Bima, duniya ta sake launi: rake kore iya ganinka, ruwa na gudu a magudanai. Rake bai kai kashi ɗaya cikin goma na gonakin jihar ba, amma shi ke shanye fiye da rabin ruwan ban-ruwanta. A gefen wata gona muka tarar da bukkoki na leda da ganyen rake, gajeru, sai an sunkuya. Babu makewayi, babu wurin wanka. A nan iyayen yarinyar suke wata shida.

Tsarin aikin shi ne miji da mata a lissafa su abu ɗaya, a kira su koyta, wato sunan addar saran. Tun damina ɗan kwangila, mukadam, yake zuwa ƙauye ya ba su kuɗi a dunƙule, da shi ake biyan bashi a yi biki a sayi iri. Daga Oktoba ko Nuwamba sai a zo a biya da jiki. Miji na sara, mata na ɗaure dami tana ɗauka a ka, tana hawa tsani tana lodawa a mota, tun kafin asuba har dare, wani lokaci mota ta zo tsakar dare a tashe su. Kafin ta fita ta yi girki ta ɗebo ruwa. Ranar da ɗaya bai fito ba akwai tara.

Mahaifiyar yarinyar ba ta fi shekara arba'in ba, amma tafiyarta ta tsofaffi ce, hannu a ƙugu. Ta kama hannuna ta zaunar da ni a kan buhu, ta ce wa 'yarta ta gaya wa "Tai" ta yi haƙuri babu kujera. Da hira ta yi nisa, maza sun koma sara, sai ta ɗage gefen zanenta ta nuna mini tabo a mara. An cire mata mahaifa tana da shekara talatin da 'yan kai. Ta yi ta fama da zubar jini da ciwon mara da ƙaiƙayi, abin da ba mamaki ga mai aiki cikin wannan hali da tsumma ɗaya da ba ya samun bushewa. Ta je wani asibitin kuɗi, aka ce mahaifar ta lalace, idan ba a cire ba za ta zama daji. Ta riga ta haifi uku. Ta lissafa kwanakin da take rasawa duk wata da tarar da ke biyo baya, ta yarda. Kuɗin aikin ma a wurin mukadam aka karɓo, aka ɗora a kan bashin. Ta nuna wasu mata biyu a bukkokin da ke kusa ta ce su ma haka.

A 2019 maganar nan ta fito fili, har ministan lafiya na jihar ya shaida wa majalisa cewa an cire mahaifa 4,605 a gundumar Beed cikin shekara uku. Daga nan aka kafa kwamitin bincike, aka kuma sa wa asibitocin kuɗi na gundumar sharaɗin neman izini kafin su yi irin wannan aiki. A nan zan ɗan tsaya, tunda shafin lafiya muke. Cire mahaifa aiki ne da ke ceton rai idan akwai dalili, kamar daji, ko zubar jinin haihuwa da ya ƙi tsayawa, ko ƙari da ya gagari magani. Amma yawancin ciwon sanyi da zubar jinin al'ada mai yawa ana maganinsu da ƙwayoyi ko ƙaramin aiki. Idan kuma aka haɗa da ƙwayayen mace aka cire tana da ƙuruciya, jiki na shiga halin daina al'ada tun lokaci bai yi ba: zafin jiki, rashin barci, raunin ƙashi, da ƙarin haɗarin ciwon zuciya. Matar nan ciwon baya da na gaɓoɓi ne ba sa barinta, ga shi har yanzu dami take ɗauka. Duk 'yar'uwar da aka ce za a cire mata mahaifa ba cikin gaggawa ba, tana da haƙƙin ta tambayi sunan cutar, ta ga sakamakon gwaji, ta kuma ji ta bakin likita na biyu.

Na ajiye labarin wani ƙauye da muka ratsa tun ranar farko, don sai da na ga bukkokin nan na gane darajarsa. Sunansa Hiware Bazar, kusa da birnin Ahilyanagar, wanda aka fi sani da Ahmednagar. Ruwansu ma bai kai na Beed ba, wajen milimita 400 ne, kuma a shekarun 1980 su ma watsewa suke yi. Da suka zaɓi Popatrao Pawar shugaban ƙauye, sai suka bi tudunsu da ramuka a kwance suna tare ruwa, suka dasa bishiyoyi, suka yi ƙananan madatsai a kan rafi, suka hana kiwon sake. Abin da ya fi burge ni shi ne dokokin da suka ɗora wa kansu: ba noman rake, ba ayaba, ba rijiyar burtsatse don ban-ruwa, ba a sayar wa baƙo gona. Duk ƙarshen damina sai a auna ruwan da aka samu, a ware na sha da na dabbobi, sannan taron gari ya yanke abin da za a shuka da ragowar. Iyalai da dama da suka yi ƙaura sun dawo, shi kuma gwamnati ta ba shi lambar girma ta Padma Shri a 2020. Jarumin fim Amir Khan, wanda ba sai na gabatar da shi ga Bahaushe ba, shi ma ya kafa gidauniya a 2016 da ta riƙa haɗa ƙauyukan jihar gasar tare ruwan sama.

Na tambayi yarinyar me ya hana garinsu yin haka. Ta ce aikin tare ruwa da rani ake yin sa, kuma da rani duk mai ƙarfi yana gonar rake, idan ya dawo kuma a gajiye yake da bashi a ka. Sannan wa zai fara ba da gefen eka biyunsa a haƙa rami? Ta ce shi ya sa take karatun jinya, ko gidansu zai samu albashi ɗaya da ba ya jiran hadari.

Mun dawo gida a watan Fabrairu, Hajiya na takawa da sanda. Har yanzu muna gaisawa da yarinyar ta WhatsApp, kullum sai ta tambayi gwiwar Aji. A ƙarshen Yuni ta turo mini hoton gonar kwari, baƙar ƙasar ta haɗe bakinta, waken suya ya tsiro layi-layi. A watan Agusta ta rubuto cewa ruwa ya ɗauke kwana goma sha takwas, na tudu ya fara rawaya, kuma mukadam ya zo gidan da jakarsa, mahaifinta ya karɓa.